Matan Ƙauye Ba Su Ƙi Canji Ba: Maganar Murhu da Itacen Yaya Indo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsimin Itace da Gyaran Murhu, mai kula da yankin Kankiya da Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Malama Hajara. A Ƙofa aka haife ni cikin ƙasar Kusada, aure ya kawo ni Kafinsoli, nan na koyar a firamare har na yi ritaya. Ba lallai ka tuna fuskata ba. Ina cikin matan da kwamitinka ya tara a Kankiya shekara uku da suka wuce, aka roƙe mu mu shiga gida-gida mu wayar wa 'yan'uwanmu mata kai a kan rage ƙona itace da barin murhun duwatsu uku. Ni ce wadda ta zauna a layin gaba, ba don neman a gan ni ba, sai don kunnena ɗaya ba ya ji sosai.

Na so ƙwarai in kawo maka wannan magana ofis, mu yi ta tsakaninmu. Na zo, na sake zuwa, kullum sai a ce ka fita zagaye ko kana Katsina wajen taro. Na bar saƙo, ban ji amsa ba. Gwiwoyina kuma ba irin na da ba ne. Shi ya sa na rubuta a fili inda kowa zai karanta, tunda kai ma a fili ka yi taka maganar.

Makon jiya ina tsintar shinkafa, rediyo na gefena, sai na ji muryarka. An tambaye ka dalilin da ya sa shirin bai kai inda ake so ba, ka ce matsalar ta ɗabi'a ce, wai matan ƙauye ba sa son canji, an ba su kayan zamani sun ajiye sun koma inda suka fito. Na kashe rediyon na ajiye faifan shinkafar a gefe. Ba fushi na yi ba, ranka ya daɗe. Lokacin fushi ya wuce mini tun bara. Gajiya ce ta sauko mini tun daga wuya har ƙafa. Da ta ɗan sake ni na ce bari in rubuta abin da na gani, ko da ba zai gyara komai ba, don kada a ce babu wanda ya faɗa.

Na farko, mun canza.

Ban karɓi aikin nan don wani abu da za a ba ni ba. Mahaifiyarmu a bakin murhu ta ƙare rayuwarta. Ta tsufa idanunta suna zubar ruwa, a ƙarshe sai da murya take gane wanda ya shigo ɗakinta. Kuma ina yarinya, in muka fita bayan Ƙofa ɗebo ƙirare, kafin rana ta yi zafi mun cika ɗauri mun juyo, muna tafe muna tsintar kanya. Yau mace sai ta wuni ba ta tara abin da zai dafa tuwon dare ba, ga daji ba ya shiguwa da nisa kamar da, kowa ya san dalili. Don haka da kuka yi mana bayani a Kankiya ban ji baƙon abu ba. Abin da na daɗe ina gani ne aka faɗa mini da lasifika.

Na zagaya Kafinsoli, na je Fakuwa, na koma garinmu Ƙofa, wani lokaci a bayan babur, wani lokaci a ƙafa. Kowane gida sai na fara tsayawa a zaure na nemi iznin maigida. Wani dattijo a Fakuwa ya ce mini shi tuwon da bai sha hayaƙi ba ba ya zama mashi a ciki. Na yi dariya, na koma washegari, na sake komawa, har ya ce in shiga in yi abin da ya kawo ni.

Waɗannan matan da aka ce ba sa son canji, su ne suka koma jiƙa wake tun da wuri kafin su ɗora shi. Su ne suka saba da rufe tukunya, da kashe garwashi in an gama girki a adana don gobe, maimakon a bar shi ya zama toka. Sun shuka zogale da bedi, wanda wasu ke kira dogonyaro, a inda ruwan wanka ke gangarawa, suka kewaye da ƙaya saboda awaki. Wata tsohuwa a Fakuwa da hannunta ta kwashe duwatsun murhun da ta tarar a gidan tun tana amarya, ta kai su bayan ɗaki, tana yi tana share hawaye tana yi wa kanta dariya. Wanda bai san abin da murhu yake ga matar ƙauye ba, ba zai gane girman abin da ta yi ba. Ni na gane, kuma a gabana aka yi.

Na biyu, maganar gas da murhun laka.

An ba da tukwanen gas ga waɗanda suka iya kawo nasu kason. Da yawa adashe suka shiga, wasu akuya suka sayar. A bakina aka sa alkawarin cewa za a buɗe wurin ɗura gas kusa da kowane babban ƙauye, ni kuma na kai wa mata shi kamar yadda aka ba ni. Har yau ba a buɗe ko ɗaya ba. Matar da ke Fakuwa sai ta nemi wanda zai ɗauki tukunya a babur ya kai cikin Kankiya ya dawo da ita, kuma wani lokaci ya tarar babu. Sai kuma tsada ta zo ta ƙarasa sauran.

Akwai wata 'yar kudu da ke sayar da gas a Kankiya, Maman Chinedu ake ce mata, ta daɗe a garin, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Rannan ta gan ni ina jujjuya tukunyata ina lissafin ko in ɗura rabi ko in haƙura, sai ta ce, "Malama, ki daina jin kunya. Ni da nake sayar da shi, a gawayi nake dafa wa yarana wake." In mai sayarwa ta koma gawayi, me ake so matar manomin gero ta yi? Ka shiga ɗakunan matan nan, za ka tarar da tukwanen a ƙarƙashin gado, a goge tas, an lulluɓe su da zane. Mace ba ta lulluɓe abin da ta raina. Babu abin zuba masu ne kawai.

Murhun laka kuwa ya yi amfani, ba zan ɓoye ba, ni kaina da shi nake girki har yau. Amma da damina ta farko da yawa suka tsage. An ce maginin da kwamiti ya turo zai dawo ya koya wa wasu mata yadda ake gyarawa. Bai dawo ba. Wasu suka liƙe nasu da laka iya saninsu, wasu nasu ya rushe. Sannan duk girma ɗaya aka gina su, bakin da zai ɗauki tukunyar miji da mata da 'ya'ya biyu. A gidajenmu kuwa, ranka ya daɗe, ka san yawan bakin da ake tuƙa wa tuwo. Babu wanda ya tambayi ko mace ɗaya girman tukunyarta kafin a kwaɓa ƙasa.

Na uku shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ina roƙon ka yi haƙuri da tsawonsa.

Ina da yaya, babbar ɗakinmu, Yaya Indo. Tana Ƙofa, ta haura sittin, mijinta ya rasu. Daddawa ce sana'arta tun muna yara, da ita take ci da kanta da jikokin da ke gabanta. Duk wanda ya san daddawa ya san kalwa sai ta wuni ta kwana a wuta kafin ta yi laushi, a cikin tukunyar da yaro zai iya shiga ya zauna. Gas ba zai iya mata ba, murhun da aka gina kuma bakinsa bai kai rabin gindin tukunyarta ba. Na faɗi wannan a taronmu na Kankiya, aka rubuta, aka ce za a duba.

A da, wajen masu kayar da itace gaba ɗaya take saye. Ni na hana ta. Na je har ɗakinta na zauna a kan tabarmarta na ce mata kwamiti bai hana kowa itace ba, kashe bishiya ya hana, abin da aka koya mana shi ne a datse reshe a bar gindi, baɗi ya sake tofowa. Marigayi mijinta ya bar mata bedi jere a iyakar gonarsa. Na ce ga itacenki nan Allah ya ba ki, me za ki yi da na masu ɓarna? Ba ta yarda nan da nan ba, don ɗauko itace daga gona wahala ce ga mai shekarunta. Amma don ni ce na faɗa, ta yarda. Da sanyi ya shigo ta sa aka datse mata rassa, ba a taɓa gindi ko ɗaya ba, ta bar su a gona suka bushe.

A bazarar da ta wuce, da kalwa ta shigo, ta ɗora tukunya da ɗan itacen da ya rage mata a gida, ta ari amalanken maƙwabcinta, ta tafi gona kwaso sauran. A hanyar dawowa, dab da shiga gari, 'yan sintirin kwamitinka suka tare ta. Suka ce ina takardar izni. Ranka ya daɗe, wace takarda? Ni da nake bakinku a ƙauyukan nan ban taɓa jin labarin wata takarda ba, balle ita. Ta yi masu bayani, ta ce su zo ta nuna masu bishiyoyin suna tsaye da ransu. Ba wanda ya bi ta. Suka sauke itacen a bakin hanya, suka ɗauke gatarin da ke cikin amalanken, wanda na marigayi mijinta ne. Mutane suka taru. Ɗaya daga cikinsu ya ce mata, a gaban jama'a, irinta ne ke jawo wa ƙasa hamada.

Ta zauna a ƙasa nan bakin hanya tana ba su haƙuri har la'asar. Da ta koma gida wuta ta mutu. Babu itacen da za ta ci gaba, kuma tsoro da kunya suka hana ta fita nema. Kalwar ta zauna a tukunya rabin dahuwa har ta yi tsami, aka kwashe aka zubar. Jarinta ke nan gaba ɗaya na wannan shekarar.

Washegari labari ya iske ni, na kama hanyar Ƙofa. Na fara neman shugaban 'yan sintirin, sai na tarar ɗalibina ne, na koyar da shi a aji uku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, wallahi umarni aka ba mu. Duk itacen da muka gani a hanya babu takarda, mu kama." Na tambaye shi ina itacen, ya ce an riga an wuce da shi, har da gatarin. Ban yi masa faɗa ba. Shi ma an aike shi ne ba a gaya masa komai ba, kamar yadda aka aike ni.

Daga nan na shiga wajen Yaya. Na same ta zaune kusa da tukunyar da aka kife. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Hajara, mi na yi maki? Kin ce in bar sayen itace, na bari. Kin ce in datse reshe, na datse. To waɗanda suka tozarta ni a bakin hanya, mutanen wa ne in ba naku ba?"

Tun daga ranar ba ta sake ɗora kalwa ba. Gonar ma ba ta son zuwa. Da kara take girki yanzu, in kuma damina ta jiƙa karan, da leda da guntun tsohon takalmin roba take hura wuta, irin abin da na yi ta yawo ina hana matan ƙauye yi. Tari ya kama ta, in ta fara sai ta dafa bango. Muna gaisawa, ba ta yanke zumunci ba. Amma matar da ba ta taɓa yin wata biyu ba ta zo Kafinsoli ba, yau ta kusa shekara ba ta tako gidana ba. A sunan jikan ƙanenmu, da na zauna kusa da ita, sai ta tuna tana da abin yi a madafi. Ni da ita kaɗai ne 'ya'ya mata da muka rage a ɗakinmu, ranka ya daɗe. A shekarunmu ba mu da lokacin da za mu ɓata muna jiran zuciya ta huce.

Na huɗu gajere ne. A ranar da na dawo daga Ƙofa, ina tsaye bakin titi a Kankiya ina jiran mota, manyan motoci suka yi ta wucewa maƙare da buhunan gawayi, an ɗaure har sama da kan direba. Ban san daga inda suka ɗauko ba, ban san wa ya ba su izni ba, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin da ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne babu wanda ya ɗaga masu hannu. A cikin mota ɗaya akwai itacen da Yaya ba za ta ƙone ba har ƙarshen rayuwarta. Birni ake kai shi, gidajen masu albashi waɗanda su ma rashin wutar lantarki da tsadar gas suka mayar da su kan gawayi. Ban zarge su ba. Amma ban taɓa jin an shiga rediyo an ce suna da matsalar ɗabi'a ba. Mu ake faɗa wa, don mu ne ba mu da inda za mu mayar da martani.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfinka ba.

A mayar wa Yaya Indo gatarin mijinta. Itacen na san an daɗe da ƙone shi, ban sa rai ba. Amma wani babba daga kwamiti ya je Ƙofa ya ba ta haƙuri a gaban mai unguwa da mutanen gari, tunda a gabansu aka ci mata fuska. Wannan ba ya bukatar kasafi, mota da rabin wuni kawai yake bukata.

In da gaske akwai takardar da ake nema kafin mutum ya ɗauko rassan gonarsa, a sanar a masallatai da kasuwanni, kuma a bar ta a hannun masu unguwanni, waɗanda suka san gonar kowa da bishiyar kowa. A koya wa 'yan sintiri bambancin reshen da aka datse da gindin da aka kayar. Duk wanda ya tashi a ƙauye kallo ɗaya zai yi ya gane, in an ba shi damar ya duba.

A turo magini ya koya wa mata gini da gyara, su riƙa yi da kansu daidai tukwanensu, har da masu daddawa da masu ƙuli-ƙuli da masu abincin sayarwa, don su ne suka fi kowa ƙona itace kuma su aka manta. Maganar wurin ɗura gas, in ba zai yiwu ba a fito a faɗa, mata su san matsayinsu, ni ma a sauke mini nauyin alkawarin da na isar.

Sannan ina roƙonka, da girmanka, ka koma inda ka yi waccan magana ka gyara ta. Matan nan suna jin rediyo. Sun ji ka.

Ni kuwa daga yau na ajiye zagayen gida-gida. Ba don na daina yarda da abin da muke faɗa ba. Har gobe na yarda hayaƙi na cin ido da ƙirji, na yarda in bishiyoyin nan suka ƙare mu ma mun ƙare. Amma ba ni da sauran fuskar da zan tsaya a zauren wani in ce a ba ni izni in shiga da saƙonku.

Shekaranjiya maƙwabciyata Talatu ta shigo, ɗiyarta ta gama karatu za a yi bikinta bayan girbi, suna haɗa kayan ɗaki. Ta ce, "Malama, ke kika san abin nan. Tukunyar gas za mu saya mata, ko murhu za mu sa a gina, ko mu bar ta da gawayi?" Ta zuba mini ido tana jira, don a unguwar nan ni ake tambaya. Na buɗe baki in ba ta amsar da na saba bayarwa, sai na ga ba zan iya ba. Na ce mata, Talatu, wallahi ban sani ba. Ta ɗan zauna, muka yi hirar farashin atamfa, ta tashi ta tafi.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a kan nauyin da aka ɗora maka, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya ba yayata sauƙi. In na faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka yafe mini, ban rubuta don in ci mutuncinka ba.

Wassalam.

Ni ce,
Malama Hajara,
Kafinsoli.